Rabon Talatu

Ku ɗiyana, kun tashi kuna jin cewa akwai shekarar da innarku Saratu ta yi yaji, ta bar ku da ni da gwaggonku, ta tafi ƙauye ta share wata uku. Manyan cikinku sun gani da idonsu, ƙananan a baki suka ji. Har bayan rasuwarta na ji ɗayanku ya faɗa cikin raha cewa Inna ma a zamaninta akwai zuciya. A ranar tashi na yi na shiga ɗaki. Ni na ƙago maganar yajin nan. Tun da har yanzu hannuna yana iya riƙe biro, gara in rubuta yadda abin ya faru kafin in bi ta.

Ba za ku gane ba sai na fara da Nomau. Ƙauyenmu ɗaya da shi, can bayan Tibiri, inda gidaje da yawa ba su bar tsafin kakanni ba. Ya girme ni nesa. Shi ya fara karɓar bishara a ƙauyen, danginsa suka karɓe gonarsa, suka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi, ya ɗauki matarsa Talatu suka shigo Maraɗi. Da na biyo sawunsa ina saurayi, wurinsu na sauka. Tuwon Talatu na ci har na iya aikin kafinta, kuma ita ta ɗauki kayan aurena a ka ta kai gidan su innarku. Ba su taɓa yin gidan kansu ba. A unguwar Zariya, wadda a lokacin ita ce ƙarshen gari, suke gadin wani kango da mai shi ya fara gini ya tsaya, suka kafa bukka a kusurwa. Kowace safiya Nomau yakan hau keke zuwa Jiratawa, inda wani ya ba shi aron ɗan fili cikin gonakin noman rani. Yana sa albasa da tattasai, ya kewaye da zogale. Talatu ta haifi huɗu. Uku sun koma tun suna goye, na huɗun ya tafi arewa neman aiki ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. In baƙo ya tambayi Nomau ina danginsa, sai ya tura leɓe ya nuna majami'a.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Majami'armu ta Sabon Gari ƙarama ce, amma tana da abin da nake alfahari da shi. In kaka ta yi, kowane gida ya kawo baikon godiya, mai dami ya kawo dami, mai tiya ya kawo tiya, a sussuke a zuba a buhu, a ajiye a wani ɗan ɗaki da muke ce wa mangaza. Hatsin nan na gwauraye ne, matan da mazansu suka rasu. Asabar ɗin farko ta kowane wata sukan zo da kwanoninsu a auna musu. In mamaci ya bar gona da shuka a ciki, maza su yi gayya su kai ta ga girbi. In ɗakin gwauruwa yana yoyo, ni da guduma ake turawa. Yawancinmu tubabbu ne da dangi suka saki, don haka mun san in muka saki junanmu ba mai ɗauka. A shekarar da nake ba ku labari aka naɗa ni dattijon ikilisiya, ni ne ƙarami cikin dattawa biyar, aka damƙa mini mabuɗin mangaza. Na sa masa zare na rataya a wuya. Ba zan ɓoye muku ba, nakan bar shi ya fito saman riga don a gani.

Zamanin ne aka buɗe siyasa. Jam'iyyu suka cika gari, kowace unguwa da tutarta, kowane mai shayi da rediyonsa, kowa ya iya kalmar dimokuraɗiyya. Tare da ita wahala ta shigo. Ma'aikatan gwamnati suna wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe yajin aiki, yaran lakkwal, wato 'yan makaranta, suna zaune gida. Sannan aka karya darajar kuɗinmu na sefa, muka wayi gari maganin da kake saya jiya ya fi ƙarfinka yau. A shagona sai in yini ban buga ƙusa ko ɗaya ba, don wanda bai ci ba ba ya sayen kujera. Iskar nan ta shigo har majami'a. Matasanmu masu boko, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, suka ce su ma suna son a riƙa zaɓen shugabanni, kada mutum ya zauna kan kujera sai mutuwa ta ɗaga shi. Fasto da manyan dattawa suka ce ikilisiya ba jam'iyya ba ce. Aka yi taro, aka sake taro, aka faɗi maganganun da ba sa komawa baki. Ƙarshe matasan da waɗanda suka goya musu baya suka fita, suka kafa rumfar zana a unguwar Zariya suna sujada can. Mutanen da suka yi wa juna rakiyar amarya suka koma in sun haɗu a kasuwa kowa ya duba gefe.

Cikin wannan ne Nomau ya kwanta. Lokacin sanyi ne, ya yini cikin ruwa yana ban ruwan albasa, ya komo da tari da ciwon ƙirji. Aka kai shi asibiti, aka rubuta magani, muka haɗa abin da muka iya muka sayi rabi. Ran da na je duba shi na ƙarshe, da hantsi ne, an fito da shi bakin bukka yana shan rana. Talatu tana can tana dama masa kunu. Ya kama hannuna, ya jawo ni kusa.

"Ishaya, ka ga yayarka. Ba ta da kowa sai ku."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Za ka tashi."

"Ban tambaye ka ko zan tashi ba. Na ce ka gan ta?"

"Na gan ta, Yaya. Muddin ina da rai ba za ta kwana da yunwa ba."

Kwana uku bayan haka ya cika. Jana'izarsa ita ce ta ƙarshe da ɓangarorin biyu suka tsaya a bakin kabari ɗaya, su ma kowa da gefensa, kowa da waƙarsa.

Abu na farko da ya lalace shi ne gayya. Albasar Nomau ta yi kyau a shekarar, saura ban ruwa da cira. Na kawo maganar a taron dattawa, aka ce to, a sa rana. Amma masu ƙarfin aiki duk suna rumfar Zariya, mu kuma ba mai zuwa ya roƙe su. Su ma, na ji daga baya, sun yi maganar, suka ce ai Nomau na tsofaffi ne, tsofaffi za su yi. Mako ya bi mako. Ran da na hau keke na je Jiratawa ni kaɗai, na tarar da ganyen albasa ya kwanta ya bushe, ƙasa ta tsage. Mai filin ya same ni a wurin. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, ya ce ya jira har ya gaji, shi ma yana da iyali, zai ba wani ya noma. Na yi masa godiya. Na yago zogale cikin hula na kai wa Talatu, na ce mata albasa ba ta yi ba bana. Ta ce haka Allah ya so.

Talatu tana da ciwon gwiwa tun da daɗewa. Da Nomau yana nan, a bayan keke yake kawo ta Sabon Gari ran Lahadi. Da ya tafi, sai ga rumfar zana an kafa ta kusa da kangonta, har tana jin waƙa daga bukka. Ta ɗauki 'yar kujerarta ta riƙa zuwa can. Ba ta san ma me ake wa faɗan ba. Ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa magana a taro ba, ita dai in ta ji an fara waƙar da ta sani sai ta tashi ta je.

Da bazara ta yi tsanani, hatsin mangaza ya ja baya, don baikon rabin ikilisiya ya bi su rumfa. Wata Lahadi bayan sujada muka zauna ƙarƙashin dogon yaro na bakin majami'a, mu biyar da Fasto. Babban cikinmu, Malam Yohanna, ya ce hatsi ba zai kai kaka ba in aka ci gaba da ba kowa, don haka wadda ta bi mutanen rumfa, mutanen rumfa su ciyar da ita. Gwauraye biyu ne maganar ta shafa. Ɗaya ɗanta malamin makaranta ne, yana cikin jagororin rumfar. Ɗayar Talatu ce. Na ce Talatu ƙafa ce ta kai ta can, ba ra'ayi ba. Malam Yohanna ya dube ni, ya dubi sauran.

"Mun sani ƙanen matarka yana can. In kai ma zuciyarka tana can, ka faɗa mana tun yanzu, mu san wanda muka ba mabuɗi."

Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Hannu huɗu suka tashi. Fasto ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ko ban ɗaga ba maganar ta riga ta wuce, amma na ɗaga. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa hatsi ne ya yi kaɗan, kuma gaskiya ne ya yi kaɗan. Sai dai ba hatsi nake tunani ba sa'ad da hannuna yake tashi. Tsoro nake ji kada a ce da ni ɗan rumfa, a karɓe abin da ke wuyana a gaban mutane.

Ba wanda ya je ya gaya mata. Asabar ɗin rabo, ina cikin auna wa tsofaffi, na ɗaga kai na hango ta tana shigowa da kwano a ka da sanda a hannu. Daga Zariya ta tako da ƙafa cikin zafin nan. Ta zauna a ƙarshen layi tana gaisawa da 'yan uwanta mata. Na yi ta jan aikin, ina fata wani dattijo zai zo ya ɗauke mini faɗar, ba wanda ya zo. Da kowa ya watse ta matso ta ajiye kwanon a gabana.

"Sannu da aiki, Ishaya. Ina Saratu da yara?"

"Lafiya lau, Yaya. Yaya, akwai magana."

Na yi mata bayani, na ce dattawa ne suka yanke, na ce na ɗan lokaci ne, na ce in ta dawo sujada nan shi ke nan. Ta saurara har na gama, tana murza gwiwarta.

"Ni na ɗauka Yesun can da na nan duk ɗaya ne."

"Ɗaya ne, Yaya."

"To mi na yi?"

Buhu yana buɗe a bayana, tiya tana hannuna, ba kowa a wurin sai ni da ita. Da na zuba mata, ba mai sani. Na tsaya ina tunanin in aka gane fa. Ta jira kaɗan, sannan ta ce in ba ta ruwa ta sha. Na ɗebo mata a randa. Ta sha, ta zuba sauran a ƙafafunta, ta kife kwanon a ka.

"Ka gaida mini Saratu."

Innarku a bakin matan majami'a ta ji, ba a bakina ba. Da na komo gida ta bari kuka ci abinci kuka fita wasa, sannan ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Malam, da gaske ne Yaya Talatu ta koma da kwano wayam?"

"Shawarar dattawa ce."

"Dattawa ne suka ci tuwonta shekara da shekaru, ko kai?"

Na yi mata tsawa, na ce maganar ikilisiya ba ta mata ba ce. Washegari ta rage daga abin da za ta tuƙa mana, ta ƙulle a gefen zane ta tafi Zariya. Haka ta riƙa yi duk bayan kwana biyu, mu ma a lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu. Na sani, na yi kamar ban sani ba, har raina ya ɗan yi sanyi don wani yana sauke mini nauyi. Amma Maraɗi ba a ɓoye tafiya. Aka ga matar dattijo tana shiga Zariya tana fita, aka ce saƙo take kai wa mutanen rumfa, aka ce hatsin mangaza ne nake fitarwa ta bayan gida. Malam Yohanna ya kira ni gefe ya ce in gyara gidana. Na zo na ce wa innarku in ta ƙara taka unguwar Zariya ban yafe ba. Mace ce da aka rene ta a kan bin maganar miji, kuma ta bi. Wannan biyayyar ita ce abin da ta yi ta kuka a kai har tsufanta, ni kuwa na sa ta.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Ku da kuka tashi a birni ba ku san wannan lokacin ba, sa'ad da gero ya yi kore shar a gona amma rumbu ba komai. Mako shida ko bakwai ba wanda ya leƙa Talatu daga gidanmu. Nakan ce wa kaina ai mutanen rumfa suna nan. Mutanen rumfa kuwa, da albashinsu ya maƙale, suna cewa ai tsofaffi ke da mangaza. Ita kuma ba ta roƙi kowa ba. In an tambaye ta ran Lahadi ta ce lafiya lau. Ashe dakau take yi a gidajen unguwa, a ba ta dusa da ɗan tsaki, ta haɗa da ganyen tafasa ta ci. Da gwiwa ta hana ta tsayuwa a turmi, wannan ma ya yanke.

Wata ranar Talata da safe muna tsakar gida aka yi sallama. Wata mace ce babba da lulluɓi, ban santa ba. Ta ce sunanta Hajiya Rabi, gidanta yana jikin kangon da Talatu take. Ta ƙi zama a tabarmar da innarku ta shimfiɗa.

"Kai ne Malam Ishaya kafinta? Tsohuwarku ta kwanta. Kwana goma ke nan ni ke ba ta fura, ni ke juya ta. Ban yi don a gode mini ba, maƙwabciyata ce. Amma kullum in na tambaye ta ina mutanenta sai ta ce suna zuwa, aiki ne ya yi musu yawa. Na gaji da jin haka, na sa maigidana ya aika Tibiri a nemo dangin mijinta. Na ce bari dai in zo in ga masu aikin nan da idona."

Innarku ba ta dube ni ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi Hajiya, ni kuma na bi su a baya da keke a hannu.

Ruwan sama ya cinye rabin bukkar. Talatu tana kwance a gefen da bai jiƙe ba, ƙafafunta sun kumbura har fata tana ƙyalli, fuskarta kuwa ta koma kamar ta yarinya don ƙanƙanta. Da ta gan mu ta yi ƙoƙarin tashi zaune, tana neman zanen da za ta rufe tukwanenta kada mu ga ba komai ciki. Innarku ta durƙusa ta rungume ta. Ni na tsaya a bakin ƙofa, ina kallon rufin da guduma ɗaya da yini ɗaya za su gyara.

Kafin azahar sai ga amalanken shanu ya tsaya a ƙofar kango. Bawa ne, ƙanen Nomau, wanda ya gaji gidan ubansu da tsafinsa, mutumin da muka yi shekaru muna sa sunansa a addu'a don yana cikin duhu. Ya tsufa, layu a damtsensa. Ya shiga bukka ya fito, ya shimfiɗa ciyawa da tabarma a amalanke. Sai da ya gama sannan ya juyo gare ni. Ya san ni tun ina yawo ba wando.

"Kai ne ɗan gidan Maigari na gabas ko? Ran da wana ya bi ku, ubanmu ya yi kuka. Wana ya ce mishi kada ya damu, ya samu dangin da sunka hi mu. Shekara nawa muna jin haushi, amma muna cewa ko banza shina cikin mutane. To ina dangin? Nuna mini su in gaishe su."

Ya juya ya koma cikin bukka. Ya ɗauko Talatu a hannu kamar ɗan akuya ya kwantar. Sai na ga innarku ta tattara zanenta ta hau amalanken, ta ɗora kan Talatu a cinyarta.

"Saratu, ina za ki?"

"Ka ce kada in taka Zariya, na bari. Ba ka ce kada in je Tibiri ba. Ko ka ce ma, Malam, yau zan tafi. Ka kira yayarka ta riƙe yara."

Da yamma kuka tambaye ni ina Inna. Na ce ta yi yaji. A majami'a ma haka na faɗa, don ya fi mini sauƙi a ce matata ta yi fushi da a ce ta tafi yin aikin da na ƙi yi. Mata suka yi ta magana, wai matar dattijo ta koma cikin arna. Na bar su suka yi.

Sau ɗaya na je ƙauyen tana da rai. Na tarar an ba ta ɗakin uwar Bawa, matansa suna dama mata kunu, innarku tana wanke ta tana shafa mata mai. Kumburin ya sauka amma jiki ya riga ya tafi. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi, ƙasa da sanyi. Ta tambayi kowannenku da suna. Sannan ta ce:

"Waccan tsohuwar, Ladi, da muke zama tare a layi, ana ba ta dai ko?"

Na ce ana ba ta. Ta ce to madalla.

Ta rasu ana cikin yankan gero. Da saƙo ya iso na sanar da Fasto, na aika wa mutanen rumfa. Namu suka ce 'yar rumfa ce, su binne ta. Na rumfa suka ce Nomau dattawa suka binne, matarsa ma tasu ce, kuma ba su da abin hawa. Ban tsaya jin ƙarshen gardamar ba. Na zaɓi katako mafi kyau a shagona, na yanka na fere, na ɗaure a keke da ƙusoshi, da niyyar in haɗa mata akwati in na isa. Bawa ya tare ni a ƙofar gida, ya dubi kayan.

"Mi ne wanga?"

"Akwati zan yi mata."

"Lokacin da taka son hatsi ba ka kawo ba. Yanzu ka kawo katako. Aje shi can."

A tabarma aka naɗe ta. Na ɗauka za su yi mata irin nasu, amma da aka sa ta a rami Bawa ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ya ce matar nan ta bi hanyar mijinta har ta mutu, ba zai canza mata hanya a bakin kabari ba, a yi mata addu'ar mutanenta. Na matso gaba, don ni ne dattijo. Ya sa hannu ya tare ƙirjina.

"Ba kai ba. Wadda ta wanke ta."

A ƙauyen nan mata ba sa zuwa bakin kabari, amma aka aika aka kira innarku. Ta tsaya cikin maza arna, ta yi addu'a, ta yi waƙar da Talatu take so ita kaɗai, ba mai amsa mata. Ni ma da na san waƙar ban iya amsawa ba.

Bayan kwana uku muka komo tare. Ta shiga gida ta ɗauki tsintsiya kamar jiya ta fita. Da kuka tambaye ta ko ta huce, ta ce ta huce. Ba ta taɓa tona ni a gabanku ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tona kaina ba. Lahadin da ta biyo na tashi a gaban jama'a na ce hukuncin da muka yanke ƙarƙashin dogon yaro zunubi ne, kuma hannuna yana ciki. Malam Yohanna ya ce baƙin ciki ne ke sa ni magana. Aka sauke ni daga dattijo kafin Kirsimeti. Da na yi maganar nan wata shida kafin lokacin, abin da zan rasa ke nan, ba ƙari.

Yanzu biyu cikinku suna cikin dattawan majami'unsu, ɗaya tana jagorar zumuntar mata. Na ga kuna tara wa gwauraye atamfa da shinkafa a ƙarshen shekara, kuna ɗaukar hoto. Ban hana ba. Amma gwauruwa ba ta mutuwa ran biki. A watan da ba wanda ya tuna da ita take mutuwa, kuma irin su Talatu ba sa faɗa. In kun tambaye su za su ce lafiya lau. Ku je da ƙafarku, ku shiga har ɗaki, ku buɗe tukunya ku duba. In kuma faɗa ya tashi tsakaninku da 'yan uwanku, don zai tashi, ku fara tambaya wa zai faɗa a ramin da ke tsakani.

Shekaru bayan haka ɓangarorin biyu suka shirya. Waɗanda suka fi zafi wasu sun mutu, wasu an yi musu canjin wurin aiki, sauran sun manta abin da ya haɗa su. Aka yi babban taro a Sabon Gari, aka yanka sa, aka dafa shinkafa a manyan tukwane, mutanen da suka yi shekaru ba sa gaisawa suka rungumi juna suna kuka. Cikin sujada sabon Fasto ya ce a tashi tsaye a tuna da waɗanda suka rasu a shekarun rabuwa, duk wanda ya tuna da suna ya faɗa. Aka yi ta kira. Aka kira Malam Yohanna, aka kira tsohon Fasto, aka kira Nomau. Sunaye suka ƙare, Fasto ya ɗaga hannu zai rufe da addu'a. Sai murya ta fito daga ɓangaren mata, ta innarku ce.

"Talatu, matar Nomau."

Wani malamin makaranta da bai daɗe da zuwa garin ba yana tsaye kusa da ni. Ya sunkuyo ya yi mini raɗa.

"Baba, wannan ta wane gefe ce? Tamu ko tasu?"

Na ce masa ta Hajiya Rabi ce, da Bawa, da matata. Ya dube ni bai gane ba, aka ce a rufe ido.